Kukan Fedar Hagu

Rochebrune, farkon Oktoba

Gaetan ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kana cin abinci a zaune kamar mutum, ba busasshen burodi a tsaye ba. Ni dai da sauƙi, in ka cire gwiwa da kunne. Kunnen kam ya yi sallama da ni, saboda haka ka daina bugo waya kana ihu. Ina ganin 'yar fitilar tana ƙiftawa, in ɗauka in kara, ba na jin komai sai wani guuu kamar na leƙa rijiya. Ka rubuto, ai hannunka bai karye ba.

Ubanka yana nan yadda ka baro shi a asibiti a watan Mayu, sai dai yanzu a kujerarsa yake, kusa da murhu. Ɓarin dama da ya shanye bai dawo ba, bakin ma haka. Ko kalma ɗaya ba ya iya fitarwa, sai gyaɗa kai da girgiza kai, girgizawar kuma ta fi yawa, ka dai san halin Armand. Ni da na goya shi yana jariri, yau ga ni ina goge masa baki yana da furfura. Maryse, nas ɗin da ke zuwa kowace safiya, ta ce haƙuri za mu yi. Na ce mata yarinya, haƙuri tun kafin a haife ki nake yin sa a gidan nan.

Abu ɗaya ne ke faranta masa. Wata safiya ya yi ta nuna min ƙofar ɗakin ajiya, na kawo masa hula ya girgiza kai, na kawo jarida ya girgiza, sai da na sauko da jan kekensa na tsere daga ƙugiya sannan ya bar ni na huta. Na kifa keken a kan sirdinsa dab da kujerar. Tun ran nan, da ya gama shan kofi sai ya kama fedar hagu da hannunsa mai lafiya ya yi ta juyawa, ido a rufe, har sai ya gaji. Maryse ta ce motsa jiki ne mai kyau. In ya gama kuwa yana cinye miyarsa tas, har da cuku.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yaushe za ka zo? An fara sauko da shanu daga tsauni, ba da jimawa ba ƙanƙara za ta rufe hanyar sama. Duk motar da ta wuce sai ya juya kai wajen taga. Bai ce kai yake dubawa ba, ba shi da bakin faɗa, amma ni ba yarinya ba ce. Angoulême ba bangon duniya ba ce, jirgin ƙasa yana zuwa Aurillac kullum, ka sauka ka hau bas.

Gwaggonka,
Fernande


Angoulême, tsakiyar Oktoba

Gwaggo,

Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya, sai ɗan tari. Ki gaishe min da Baba, ki riƙe masa hannu ki ce daga ni ne. Ki gaida Maryse, Allah ya saka mata da alheri.

Zuwa kam ina so, wallahi ina so, amma fim ɗin nan ya shaƙe min wuya. Kin sha tambayata wai wane irin aiki ne ƙato zai zauna yana kallon zanen yara. Bari in sake gwadawa. Masu zane suna zana mutane suna motsi, amma shiru suke fitowa kamar kifi. Ni nake ba su ƙara. In mutum ya taka tsakuwa, ni nake taka ta a cikin faranti gaban makirufo. Ruwan sama kuma shinkafa ce nake zubawa a kan laima. Jiya na wuni ina murɗa tsohuwar jakar fata don gwiwar wata tsohuwa, na tuna da ke.

Labarin wani zabgegen ɗan tseren keke ne, ƙafafu kamar na zalɓe, da ba shi da wanda zai bar wa tsohuwar uwarsa. Sai ya ɗaura kwando a gaban keke ya zaunar da ita, duk tseren da zai shiga da ita yake shiga. Shi yana haki a kan tsauni, ita tana feraye dankali tana jifan abokan karawa da ɓawo. Kullum shi ne na ƙarshe, kuma bai taɓa tunanin sauke ta ba. Babu magana a fim ɗin ko ɗaya. Madam Solange, mai ba da umarni, ta ce keken shi ne bakin mutumin, da shi zai yi kuka, da shi zai yi dariya. Na ɗauko mata ƙarar kekuna ba adadi, har na mai raba wasiƙun unguwarmu. Ta saurara, ta busa hayaƙin sigari, ta ce, "Wannan keke ne, Gaetan. Ni mutum na ce ka kawo min."

Da na karanta takardarki sai na bugi tebur. Keken Baba! Gwaggo, don Allah ki taimake ni, ki sa a kai shi tashar Aurillac a ɗora a jirgi. Mako guda kawai, in ɗauki muryarsa in mayar. Babu keken da ke da murya irin tasa a ƙasar nan. Da zarar mun gama wannan sashe zan zo da kaina, alkawari ne.

Sauri nake, ana jira na.

Naki,
Gaetan


Rochebrune, ranar Litinin

Gaetan,

Ina gaishe ka. Tarin nan ka sha zuma da ruwan zafi, ka daina yawo wuya a buɗe. Ubanka yana nan, jiya ma ya cinye miyar kabejinsa.

Na karanta takardarka, na cire tabarau na goge na sake karantawa, ko na tsallake layin da ka ce ga ranar zuwanka. Babu. Na ce ka zo ka ga ubanka, ka ce in aiko maka da kekensa. Sannu, ɗan albarka! Mutumin fim ɗinku ya ɗauki uwarsa a kwando ya hau tsauni da ita, kai da kake ba shi murya ka kasa hawa bas. Raina ya ɓaci, Gaetan, ba zan ɓoye maka ba.

Amma naka naka ne. Na gaya wa Armand kekensa zai shiga fim ɗinka, ya dube ni ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai. Mako guda dai, ka ji? Maryse za ta kawo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa kafin a dawo da shi.

Sai dai ka san keken gidanmu na Chassagne bai taɓa fita bainar jama'a da dauɗa ba. Shekara da shekaru, duk jajibirin tsere ni ke wanke shi, ubanka yana zaune yana sa min ido, kai kana rarrafe a ƙarƙashin tebur. Ba yau zan bari 'yan birni su yi mana dariya ba. Da ya gama juyinsa na safe na janye keken, na wuni a kansa. Na wanke jikinsa da sabulu, na bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya da tsumma, na jiƙa sarƙa a kananzir, na naɗa sabon farin ƙyalle a hannu kamar ranar babban tsere. Har fedoji na kwance. Ka san da can ba ya bari in taɓa su, wai feda tasa ce, wani camfinsu na 'yan tsere. Ashe ƙazanta yake ɓoyewa! Ta hagun nan a bushe take ƙamas, boris ɗin duk tsatsa. Na wanke, na cika ta da giris, na ɗiga mai. Yanzu in ka taɓa ta da yatsa sai ta yi ta juyawa kamar ba za ta tsaya ba. Madam ɗinka za ta ji muryar keke na gaske.

Ranar Alhamis maƙwabcinmu zai shiga Aurillac, shi zai kai shi tasha.

Fernande


Angoulême, ranar Litinin

Gwaggo,

Gaisuwa kuma, da fatan ku duka kuna lafiya. Ban jira amsarki ba, wani abu ne ya faɗo min a rai ina tsakiyar aiki, har na ɓarar da shinkafar ruwan sama. Na san ki. Na san abin da za ki yi da kin ji keken zai fita gari. Don girman Allah, Gwaggo, kada ki wanke shi. Kada ki taɓa shi da mai, ko ɗigo. Ƙurar ma ki bar min ita.

A gurguje na rubuta waccan, ban yi miki bayani ba. Ba ƙarar sarƙa nake nema ba, wannan kowane keke yana da ita. Kukan fedar hagu nake so. Kin tuna shi? Ƙiii-ƙyat, ƙiii-ƙyat, dogo sannan gajere. Da kunnenki yana nan kin sha yi wa Baba faɗa a kai, kina cewa yana kunyata mu a gaban gari. Shi kuma ya ce da shi yake daidaita numfashinsa a kan tsauni, in aka kashe shi ƙafarsa za ta rikice. Bai taɓa gyarawa ba, Gwaggo, har ranar da ya faɗi.

Ina yaro, bayan rasuwar Mama, in ya tafi tsere nakan zauna a kan katanga ina tsoron shi ma ba zai dawo ba. Kafin in hango shi a kwanar coci, kukan nan nake fara ji, sai in sauko da gudu. Baba ba mai magana ba ne ko da yana da baki, kin fi ni sani. Abin da na sani na muryarsa, rabi fedar nan ce.

Ki aiko shi yadda yake.

Naki,
Gaetan


Rochebrune, ranar Juma'a

Ɗana,

Gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba. Takardunmu sun yi saɓani a hanya, taka ta iso shekaranjiya, tawa kuma na san tana hannunka, ka riga ka san abin da na aikata. Garin neman gira na rasa ido.

Lafiyar ubanka ba daɗi. Ranar Talata da safe na kawo masa keken yana ƙyalli, ina jiran yabo. Ya kama fedar, ya rufe ido, ya juya. Sai ya buɗe idon. Ya sake juyawa da ƙarfi, ya karkato da kai kusa da ita, ya juya baya, ya juya gaba. Sannan ya dube ni. Gaetan, tun da nake da ƙanena bai taɓa yi min irin wannan kallon ba. Ya ture keken ya faɗi, ya mai da fuska bango. Ni kuwa na tsaya sororo, ina cewa a raina wane irin butulci ne wannan, mutum ya wuni yana bauta.

Sai da taka ta zo na gane. Na zauna a kan matakala da takardar a hannu na yi kuka kamar yarinya. Kukan fedar nan na tuna shi sarai, amma rabona da jin sa tun kafin ka tafi birni. Siraran ƙara su suka fara gudu daga kunnena, tsuntsaye, da ƙararrawar ƙofa, da shi. Na ɗauka ya daɗe da gyarawa, har ina jin daɗi wai ya ji maganata. Ashe duk safiyar nan ba hannu yake motsawa ba, saurare yake. Mutumin da ciwo ya ƙwace wa baki da ƙafa, abu ɗaya ya rage masa, ni yayarsa na bi shi da giris na toshe. Na tambayi Maryse ko tana ji, ta ce ƙwarai, kullum, har yana hawar mata kai, ta ɗauka na sani.

Tun ran nan bai ci abin kirki ba. Cokali biyu, ya rufe baki. Ƙwallon robar kuwa cikin murhu ya jefa shi. Keken ban aika ba, kuma ba zan aika ba, ka ce wa Madam ɗinka ta yi haƙuri. Na goge girisin da tsumma iya ƙarfina, na ba shi, ya juya sau ɗaya ya girgiza kai. Kai ne mai sana'ar ƙara. Ka gaya min yadda ake mayar da ita.

Gwaggonka


Rochebrune, farkon Nuwamba

Gaetan,

Gaisuwa. Kullum ina tsaye a ƙofa in mai raba wasiƙu zai wuce, har ya fara kaɗa min hannu daga nesa alamar babu. In fushi kake da ni, ka rubuto ka zage ni, na cancanta. Shirun ne ba zan iya ba, wanda nake ciki ya ishe ni. Wandon ubanka ya fara zamewa, jiya na ƙara huda a bel ɗinsa.

Fernande


Angoulême, tsakiyar Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ki yafe min shirun. Tarin ya tafi. Fushi na yi, gaskiya ne, na yi ta zagaye ɗaki ina magana ni kaɗai. Daga baya na ga ba ki da laifi, ni na ce a aiko, kuma ni na rubuta rabin magana.

Ga kaset a cikin ƙunshin nan. Ban zauna banza ba. Na kulle kaina a ɗakin ɗaukar sauti ina ƙirƙiro kukan daga abin da na tuna, da ƙyauren tsohon kabad, da toshiyar kwalba a kan jiƙaƙƙen gilashi, da amalanken lambu da na aro, da fedojin gwanjo da na tsoma a ruwan gishiri. Kala-kala ne, tsakanin kowanne akwai ɗan shiru. Ki sa a rikodar kicin, ki zauna ki kalli fuskarsa. Wanda ya gyaɗa wa kai, Maryse ta lura da na nawa ne, in cika masa kaset guda da shi, ya riƙa ji yana juya fedar.

Za ki ce me ya hana ni kawowa da kaina. Aiki yana nan, Madam Solange tana ta kumfar baki, amma ba shi ba ne. Tsoro nake ji, Gwaggo. Ranar da na gan shi a asibiti, miyau yana zuba, yana kallona yana neman sunana bai samu ba, fita na yi na yi amai a bayan wata mota. Mutumin da na sani yana hawa tsaunin Puy Mary a tsaye kan feda, yana waiwayo yana yi wa samari dariya. Ban san yadda zan zauna a gabansa in kalle shi ba. Kada ki karanta masa wannan wajen.

Naki,
Gaetan


Rochebrune, ranar Lahadi

Ɗana,

Gaisuwa, ƙunshi ya iso. Gwiwa ta matsa, sanyi ya shigo sosai.

Mun sa kaset ɗin. Ni ina kallon fuska, Maryse tana ɗaga min yatsa in sabo ya fara. Na farko ya ɗago kai da sauri. Sai ya girgiza. Na biyu ya girgiza, na uku haka. Wani ma Maryse toshe kunne ta yi, ta ce wannan ai akuya aka taka. Kafin a kai ƙarshe ya miƙa hannu ya kashe rikodar da kansa. Ka yi ƙoƙari, amma ubanka ba Madam Solange ba ne, ba a yi masa ruwan sama da shinkafa.

Ni ma na gwada nawa haukan. Na bar keken a waje ya sha raɓa, na zuba wa fedar fetur, har toka na barbaɗa. Ina juyawa ina kara kunne kamar mai hankali, alhali ko bindiga aka harba a ciki ba zan ji ba. Maryse ta ce tana ɗan ƙara yanzu, amma ita duk ƙara ɗaya ce a wajenta. Mutum biyu ne a duniya suka san kukan nan, ɗaya ba baki, ɗaya kuma yana Angoulême yana jin tsoro.

Zancen tsoro kuwa, ka ɗauka ni ba na ji? Kullum da safe kafin in tura ƙofarsa sai na tsaya na dafa bango. Sannan in shiga, don babu wani mai shiga. Ba sai ka kalle shi ba in ba za ka iya ba. Ka zo ka kalli feda ka ba shi ƙeya, shi ma ba son kallo yake ba. Likita ya zo jiya, ya ce in bai fara ci ba za a mayar da shi asibiti a sa masa roba ta hanci. Armand ya ji, na ga hannunsa ya damƙe bargo. Zuwa da kai ya fi aike, Gaetan. Ba zan sake roƙo ba.

Fernande


Angoulême, ƙarshen Nuwamba

Gwaggo,

Na dawo lafiya. Cukun da kika cusa min a jaka ya sa duk 'yan taragonmu suna harara ta. Yaya Baba ya kwana? Ya ci?

Ban iya yi miki magana sosai a gida ba, ihu a kunnenki gaban Baba ba ya yiwuwa, shi ya sa nake rubutowa. Na kasa, Gwaggo, kuma abin yana cin raina. Kin dai ga yadda na yi. Na kwance fedar, na wanke boris ɗaya-ɗaya, na mayar da su a bushe, na ɗebo 'yar ƙasa daga kwanar coci na sa. In ɗaure noti, in juya, in saurara, in sassauta. Ranar Asabar da yamma sai ga shi. Ƙiii-ƙyat. Tsigar jikina ta tashi, na rantse shi ne. Na waiwaya, karo na farko da na dubi Baba ido cikin ido, sai ya girgiza kai.

Daga nan kin ga sauran. Na ce zan koma Lahadi, na kai Alhamis. Na kwance, na ɗaura, na canza ƙasa, har gasa ƙarfen na yi a murhu. Duk wanda na kawo sai ya saurara da kyau, ya yi kamar yana tunani, ya girgiza. A ƙarshe na mayar da ita yadda take ranar Asabar, don ban san abin da ya fi shi ba. Shi na ɗauka a rikoda na kawo. Madam Solange ta saurara, sigarinta ya cinye har yatsa ba ta sani ba, ta ce, "Yauwa, ga mutumin." Kowa yana taya ni murna, ni kuwa kamar in nutse. Mai abu ya ce ba shi ba ne. In kunnena ya kasa gane kukan da na tashi da shi, to me nake yi a sana'ar nan?

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, ya karɓi miya a hannuna. Askin da na yi masa ma bai yi kyau ba, na yanke shi a haɓa, ya yi wani sauti da nake zaton dariya ce. Tsoron bai tafi duka ba, amma da sauƙi. Ki rubuto da wuri, hankalina yana wajenku.

Naki,
Gaetan


Rochebrune, farkon Disamba

Gaetan ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ƙanƙara ta rufe hanyar sama amma bas yana biyowa ta ƙasa. Ubanka yana ci, likita ya janye zancen roba.

Kai da kunnenka, ni da idona, kuma ka san an ce gani ya kori ji. Zauna in ba ka labari. Kai kana durƙushe kan feda ka ba mu baya. Ni ina kan 'yar kujera ina feraye dankali kamar tsohuwar fim ɗinku, daga nan kuma ana hango ƙarƙashin bargonsa. Tun farkon da ya fara juya keken nan, ƙafarsa ta hagu takan riƙa buga ƙasa a hankali, tana bin juyin. Ranar da na sa giris ta daina, kaset ɗinka ma bai motsa ta ba. To ranar Asabar da yamma, da na ga kafaɗunka sun ɗaga, sai na kalli ƙasa. Ƙafar tana bugawa, Gaetan, tana bugawa kamar ta saurayi. Kana waiwayowa ja'irin tsohon nan ya tsayar da ita, ya tsuke fuska, ya girgiza maka kai.

Na buɗe baki zan yi magana, ya harare ni ta saman kanka. Harara ce da na sani tun yana satar cuku a kabad ɗin mahaifiyarmu, ma'anarta yi shiru, Yaya. Sai na ci gaba da dankalina. Ya san in ya gyaɗa kai, da safe kana kan bas. Kana ta kwance feda kana ɓata abin da ka gyara, shi kuwa ba ita yake kallo ba, ƙeyarka yake kallo, inda gashi ya fara zubewa kamar nasa. Na ji haushinsa, na ji tausayinka, amma ban tona ba, don ni ma ban ƙi ka ƙara kwana ba. Kunnenka lafiya lau yake, ka bar Madam ta yi murnarta.

Saura ka ji ta yau. Tun washegarin tafiyarka yake juya fedarsa ido a rufe, ƙafa tana bugawa, ya cinye miya har ya lashe cokali. To yau da safe da ya gama, sai ya nuna min kantar da muke ajiye kaya. Na yi kamar ban gani ba, ya bugi hannun kujera. Gwangwanin mai yake nufi! Ya nuna gwangwanin, ya nuna fedar hagu, ya nuna taga wajen hanyar bas. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, rabona da irinta tun watan Mayu, daga baya kuma ta koma min kuka. Ka duba fa, abin da rashinsa ya hana shi cin abinci, yau shi da kansa yake so a kashe, in dai zai kawo ka.

Ban ɗiga ba. Na ce masa na yi sau ɗaya na ji jiki, sai na tambayi mai kunne. Gwangwanin yana kan tebur, ubanka yana kallonsa yana kallona. Me zan ce masa?

Gwaggonka,
Fernande


Angoulême, ranar Talata

Gwaggo,

Gaisuwa. A tsaye na fara karantawa a bakin ƙofa, sai da na nemi wurin zama.

Kada ki ɗiga yanzu, kar ya rasa abincinsa. Ki bari sai Juma'a da rana, ɗigo ɗaya tak, a gabansa. Ni kuma zan sauka daga bas ɗin yamma da akwatin kayan aiki, in ɓata rai, in ce wa ya taɓa min feda. Na gaya wa Madam Solange gyaran zai ci min kowane ƙarshen mako har sanyi ya wuce, wataƙila ma ya fi haka, irin wannan kukan wuyar samu gare shi.

Ki gyara min gadona. Kuma don Allah, Gwaggo, kada ki gaya masa na sani.

Naki,
Gaetan